Magen da Inna Ta Bar wa Baba

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa an raba kayanta kamar yadda aka saba, amma babu wanda ya tuna da magenta. Wata baƙa ce mai farin ƙirji, ba ta da girman jiki, kuma ba a taɓa sa mata suna ba. Inna "ke" kawai take ce mata, ita kuma ta san da ita ake. Shekara uku ta yi a gidanmu na Gafasa, tana kwana a ƙofar ɗakin Inna, tana zagaya rumbuna biyun da ke bayan gida. Bayan sadakar bakwai muka watse. Ni na koma gidan mijina a Gaya, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Gida ya rage daga Baba sai Yayana da matarsa, sai kuma magen.

Baba ba mai son mage ba ne. Bai taɓa dukanta ba, amma in ta matso kusa da tabarmarsa sai ya kaɗa mata hannu ya ce ta ba shi wuri. Shi karensa kawai ya sani, wani ja mai dogayen ƙafafu da ke gadin garkarsa a bakin fadama. Karen bai taɓa taka cikin gida ba. Can garka yake da 'yar rumfar kara da Baba ya kafa masa, da fasasshen kaskon da ake zuba masa ruwa. Kullum da safe Baba kan tafi masa da ƙanzo da ragowar tuwon jiya a ƙwarya.

Duk bayan mako biyu nakan je in duba shi. A zuwana na uku na tarar da shi a gindin darbejiyar tsakar gida yana cin abinci. Ina durƙushe ina gaishe shi na ga ya gutsuri tuwo, ya ajiye a gefen tabarma, ya kau da kai kamar ba shi ya ajiye ba. Magen ta fito daga bayan randa ta cinye. Ya lura na gani.

"Uwata, kada ki yi min wannan kallon," in ji shi. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Tun da uwarki ta tafi ta ƙi cin abincin kowa. Dubi yadda ta rame. In ta mutu da yunwa a gidan nan, wa za a tambaya?"

Na ce, "Ai ban ce komai ba, Baba."

Da na shiga ciki matar Yaya ta rage murya ta ba ni labari. Ta ce yanzu duk inda ya sa ƙafa magen tana bayansa. Har masallaci take raka shi, ta zauna a kan dakalin waje, in an idar su dawo tare. Kuma ya sa an ciro wani tsohon zanen Inna wanda bai shiga rabo ba saboda ya koɗe, an shimfiɗa mata a cikin kwando.

A kakar shekarar gyaɗa ta yi kyau, dawa ma haka. Rumbuna suka cika, har aka jera buhuna a ɗakin da ke kusa da zaure. Daidai lokacin magen ta haifi 'ya'ya uku, hankalinta ya koma kansu, ɓeraye kuwa suka samu sake. Kullum aka buɗe ɗakin sai an ga ɓawon gyaɗa a ƙasa da buhu a huje. Abin ya dami Yaya, don shi ya sha wahalar noman. Ranar kasuwar Ajingi ya sayo maganin ɓera, irin mai kama da ƙwayar shinkafa, ya cuɗa shi da garin ƙuli-ƙuli, ya ajiye a kusurwoyin ɗakin da ƙarƙashin rumbuna. Bai yi shawara da kowa ba, don a ganinsa ba abin shawara ba ne. Kowa haka yake yi.

Kaji biyu ne suka fara mutuwa. Aka ce ko ciwon kaji ne ya shigo gari. Bayan kwana biyu aka tsinci mushen shirwa a bayan katanga, babu rauni a jikinta. Shi ma ba a kawo komai ba.

Ina makaranta, an fita tara, wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Baba ya taho Gaya, ki tare shi a tasha."

Shekara biyu muna fama da shi ya zo asibiti a duba gwiwarsa, ya ƙi. Na ce, "Innalillahi! Jikin ne?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau. Magen ce. Tun jiya ba ta tashi ba, yau kuma jini ke fita ta hancinta. Yayanki ya faɗa masa abin da ya zuba."

Na nemi izini wurin shugaban makaranta na tafi tasha. Ban daɗe ba motar ta iso. Baba ya sauko a hankali saboda gwiwar, rungume da kwando an rufe shi da zanen nan. Mutanen motar suna ta murmushi. Wata mata da suka taho tare ta ja ni gefe ta ce tun daga Ajingi kowa ya ɗauka zabi ya ɗauko zai kai kasuwa, sai da abin cikin kwandon ya yi kuka. Wani matashi ya ce, "Baba, yanzu mage ce za a kai asibiti?" Baba ya dube shi ya ce, "Kai in ka ci guba ina za a kai ka?" Matashin ya kau da kai.

Akwai wani likitan dabbobi da ke da ɗan shago kusa da kasuwa, matashi ne, yawancin aikinsa shanu da awaki. Can muka nufa. Ya buɗe kwandon, ya ɗaga leɓen magen ya duba dasashinta, ya ga ya yi fari fat. Ya tambayi kwana nawa da zuba maganin. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro ragowar a ƙulle cikin leda, ya miƙa masa.

"Madalla da kuka zo da shi, Baba," in ji likitan. "Yanzu na san abin da nake yaƙi da shi. Kun ba ta wani abu?"

"Surukata ta ɗura mata manja."

"To, kada a ƙara ɗura mata komai. Ba maganin ta ci ba, ɓeran da ya ci shi ta kama."

Ya yi mata allura, ya ba da wasu ƙwayoyi da za a riƙa niƙawa ana sa mata a abinci har na tsawon makonni. Ya ce ba zai yi alkawari ba, amma yana sa rai. Yana wanke hannu yana yi wa Baba bayani. Ya ce wannan maganin ba ya kashe ɓera nan take. Sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice, shi ya sa yake da sauƙin kamu. Mage ta kama, shirwa ta sura, mujiya ma ta ɗauka, duk su kwashi gubar.

"Kun ga ke nan masu cin ɓeran ake kashewa," in ji shi. "Shi kuwa ɓera haihuwarsa ta fi tasu sauri. Baɗi sai ya dawo ya tarar babu mai tare shi. Ragowar da aka share aka watsa a juji kuma, ruwan sama ya wanke ta zuwa kududdufi, inda awakinku ke sha."

Baba ya dubi ledar maganin. Can ya ce, "Ashe shirwar nan mu muka kashe ta." Sai ya nuna ta. "Wannan fa, ina zan kai shi?"

"Ku bar min shi a nan. Wanda aka zuba a gida kuma a tattare shi tas, a ƙulle, a aiko min. Kada a ƙona, kada a jefa a masai."

Likitan ya ce yana so ya riƙa ganinta kullum na 'yan kwanaki, kuma kada 'ya'yan su sha nononta, tun da sun fara lasar abinci. Na roƙi Baba ya kwana, ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba. Ya bar min kwandon ya hau mota ya koma.

Kwana shida ta yi a wurina. Sau uku a rana Baba ke sa Yaya ya kira masa ni. Ko gaisuwa ba ma gamawa sai ya ce, "Uwata, ta ci?" In na ce ta ci, ya ce me ta ci. In na ce ta sha ruwa, ya ce da kanta ko ba ta aka yi. Mijina yana jin mu yana dariya. Ya ce shekara takwas da aurenmu, surukinsa bai taɓa neman jin lafiyarsa sau uku a wata ba, balle a rana. A kwana na huɗu ta tashi ta taka har bakin ƙofa, ta zauna a rana tana lashe ƙafarta. Na faɗa wa Baba. Sai na ji ya ce, "Alhamdulillahi," ya miƙa wa Yaya wayar.

Ni na mayar da ita Gafasa ranar Lahadi. Na tarar da Yaya duk kunya ta kama shi, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce shi da Baba ya zage shi da ya fi masa sauƙi, amma bai ce masa komai ba, sai dai ya tashe shi aiki. Su biyun sun kwaɓa laka sun toshe duk wani rami a ɗakin ajiya. Sun ɗora buhunan a kan katako, sun janye su daga jikin bango. Sun nome ciyawar da ke kewaye da rumbuna, sun kwashe tarin karan da ɓerayen ke ɓuya a ciki. Yaya ya je wurin maƙeri ya sa an yi masa tarkuna huɗu, yana ɗana su a cikin ɗakin ya rufe ƙofa don kada kaji ko 'ya'yan mage su taka. Ba zan ce ɓera ya ƙare ba. Yana nan, amma ɓarnar ta ragu har aka daina zancenta.

Wasu ƙananan abubuwa ma sun canza. Likitan ya ce albasa tana cutar da mage da kare, don haka matar Yaya ta riƙa ware nasu tuwon kafin a zuba miya, a haɗa musu da kan kifi ko ƙashi in an samu. Wani tsohon daro da ya huje, wanda da za a yar, Baba ya cika shi da rairayin rafi ya ajiye a bayan ɗaki don magunan su riƙa biyan bukatarsu a ciki. In ya ɓaci sai ya kai can ƙarshen fili ya binne, nesa da rijiya da inda ake shuka ganye. Ba a sayi komai sabo ba in ban da tarkunan nan.

Zancen karen da rani ya taso. Likitan ya zo Gafasa yi wa awaki da tumaki rigakafi, ranar kuwa ina gida. Da ya gama Baba ya ce lallai sai ya zo garka ya ɗebi tumatir da salak. Na bi su. Muna isa karen ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, sai likitan ya tsaya cak. Bayan karen da wuyansa baƙi ƙirin, sai maiƙo.

"Baba, me aka shafa masa?"

"Baƙin mai ne na injin ban ruwa. Ƙazwa ce ta kama shi, ga kaska. Ai shi ne maganinsu."

"Yaushe aka fara?"

"Mun daɗe muna yi. Tun zuwan injin niƙa garin nan haka ake yi, kuma yana kashe su."

"Yana kashe su, ba na musu," in ji likitan. "Amma ku dubi abin da yake yi yanzu."

Muka duba. Karen ya zauna yana lashe gefen cikinsa. Likitan ya ce duk abin da ya lasa cikinsa yake tafiya. Sannan ya nuna inda karen ke birgima, daf da kwamin salak, ƙasar wurin ta yi duhu. Ya nuna bakin rijiyar garka inda yake kwanciya in rana ta yi zafi.

Baba bai sallama da wuri ba. Ya ce ɗan man da bai fi cikin tafi ba me zai yi wa ƙasa mai faɗin nan. Likitan ya yi dariya ya ce, "Baba, za ku yarda in ɗiga shi a cikin salak ɗin da za ku ba ni?" Baba ya harare shi, sannan shi ma ya murmusa.

Baba da kansa ya tuno da wata hanya. Ya ce mahaifiyarsa takan dafa ganyen darbejiya ta wanke 'yan awaki in ƙuma ta dame su, ta barbaɗa toka a makwancinsu. Likitan ya ce hakan yana taimakawa sosai wajen rage ƙuma da kaska, kuma ruwan ba ya ɓata ƙasa. Amma ya ce kada a ɗora wa ganye abin da ba zai iya ba. Ƙazwar ta yi nisa, sai an haɗa da allura. Ya yi wa karen ita nan take, ya ƙara da ta rigakafin haukan kare, ya ce wannan duk shekara ce, babu ganyen da ke maye gurbinta. Ya kuma ja kunnen Baba cewa kada a yi wa mage irin wannan wankan, ita tsabtace makwancinta da taje mata gashi sun isa.

Wankan farko da ni aka yi, don Yaya ya tafi Kano ranar. Da hantsi muka dafa ganyen a tsohuwar tukunya a nan garka, muka bar shi ya huce. Baba ya sa wata tsohuwar riga da ya ware don wannan aikin kaɗai. Ya ɗaure karen a jikin turke, ya fara cuɗa shi da sabulun salo da soson buhu don baƙin man ya fita, ni kuma ina zuba ruwa da moɗa daga nesa-nesa, ina tattare zanena. Ruwan farko mai maiƙon a cikin daro muka tare shi, aka kai can kan tudu inda ba a shuka komai. Sannan ya bi kunnuwan karen da tsakanin yatsunsa yana cire kaska ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa cikin gwangwani mai garwashi. Yana yi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Tsaya mana. Kai ma ka san ba mugunta ba ce."

Da muka kai ga ɗauraya da ruwan darbejiyar, na matso don in zuba a wuyansa sosai. Karen ya ga ya ishe shi. Ya buɗe ƙafafu ya girgije jikinsa gaba ɗaya. Ruwan nan mai ɗaci ya wanke min fuska, ya shiga bakina, mayafina ya jiƙe sharkaf. Na yar da moɗar na yi ihu ina tofar da yawu. Baba ya dube ni, gemunsa na ɗigar ruwa, ga ganye ɗaya manne a goshinsa, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa yana riƙe da gwiwarsa. Tun rasuwar Inna ban ji wannan dariyar ba. Na tsaya ina goge fuska, hawaye na zuba, na bar shi a kan cewa ɗacin ganyen ne ya shiga idona.

Cikin wata biyu gashin karen ya dawo. Baba ya mayar da wankan duk bayan mako biyu, ya riƙa share rumfar yana canza karan shimfiɗar, tsohon kuma ya ƙona shi ya watsa tokar a gona. Baƙin man injin ya riƙa tara shi a jarka yana ba wani bakanike a Ajingi.

'Ya'yan magen kuwa sun girma, ta sake haihuwar wasu. Labarin tafiyar Baba Gaya da kwando ya riga ya zaga, mutane suka fara zuwa neman ɗa. A nan halinsa ya fito. Ba ya karɓar ko sisi, amma sai ka zauna ya yi maka tambayoyi. Kuna zuba maganin ɓera? Akwai ragowarsa a gidan? Wa zai riƙa ba ta ruwa? Wani maƙwabcinmu ya ce shi ba zai daina zuba magani ba, Baba ya ce to ya je ya ci gaba, amma ba da magensa ba. Suka yi kwana biyu ba sa sakin fuska da juna, daga baya matar mutumin ta zo da kanta ta ce ta tattare maganin, aka ba ta. Wani ma tun daga Kademi ya zo a kan babur.

Da ya rage saura ɗaya, wata 'yar toka-toka mai gajeren bindi, na ce ni zan ɗauka. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Baba ya gyara zama.

"Me kuke yi wa sauro a gidanku?"

Na ce, "Baba, ni ce fa."

"Na san ke ce. Me kuke yi wa sauro?"

Na faɗi gaskiya, cewa fiya-fiya muke yayyafawa a ɗaki mu rufe ƙofa.

"A ƙasan da za ta taka ta lashe ƙafarta? A ɗakin da jikokina ke kwana?" Ya girgiza kai. "Je ki ɗaura gidan sauro, ki gyara kwatar nan ta ƙofar gidanku da ruwa ke kwanciya. In kin gama ki dawo."

Haka na koma Gaya hannu sake. Matar Yaya ta raka ni bakin hanya tana dariya har da riƙe ciki. Muka ɗaura gidajen sauro, mijina ya sa aka yashe kwatar. Bayan mako biyu na koma, Baba ya sake yi min tambayoyin daga farko, sannan ya sa ta a kwali da hannunsa, ya huda ramuka a murfin, ya ce in riƙe a cinya kada in bari a sa ta a bayan mota.

Tana gidana yanzu, ta yi ƙiba, yara sun sangarta ta. Har yau ban ga ta kama ɓera ko ɗaya ba. Ƙadangaru take bi, su ma sai su haye katanga su bar ta tana kallo. Duk lokacin da Baba ya tambaye ni aikinta, sai in ce masa tana ƙoƙari.